Allurar rage ƙiba da aikin yanke tumbi: abin da odiyon WhatsApp bai faɗa ba

Satin da ya wuce Yayata ta turo min wani odiyo na minti huɗu, ta biyo shi da nata tana cewa ƙanena kai da ba ka rabuwa da karance-karance saurara min wanga ka gaya min gaskiya, in na kirki ne in sayar da tunkiyata guda in saya. A cikin odiyon wata Hajiya ce mai kai da kawowa Dubai take tallar allurar rage ƙiba, wai sau ɗaya a sati, ba rejim ba motsa jiki, ka ci abin da kake so, wata biyu ka zubar da kilo 20, kuma wai in ka gama kwali uku shi ke nan ka rabu da teɓa har abada. Na saurara sau biyu, kuma abin da ya dame ni shi ne ba duka ƙarya ta yi ba, allurar akwai ta kuma tana aiki, amma wurin da ta ce "har abada" nan ne ta gina ma mutane rami.

Bari in fara da ita Yayar. Lokacin da anka yi mata aure siririya ce, har dangi suna gunaguni wai miji bai ciyar da ita, sai ƙawaye sunka haɗa ta da sha-ka-fashe, wato ƙwayar dekza (dexamethasone) mai sa ƙiba da maganin buɗe ciki da ake saye wurin masu tebur a kasuwa, ta sha ta yi kumatu aka dinga ce mata kin yi kyau, hutu ya karɓe ki. Yanzu haihuwa shida, shekara 43, sallar farilla a kan kujerar roba take yin ta saboda gwiwa, daga gida zuwa bakin titi sai ta tsaya ta dafa bango, da dare minshari har ɗiyanta na tsokanarta. Munka kira yaron nan mai yawo da sikeli ta hau, kilo 104, tsawonta mita 1.60.

Likitoci suna da lissafin da suke kira IMC. Ka ɗauki nauyinka na kilo ka raba da tsawonka sau tsawonka. Nata 1.60 sau 1.60 ya ba da 2.56, in ka raba 104 da shi ka samu 40 da ɗoriya. Daga 25 an ce nauyi ya wuce ƙa'ida, daga 30 ƙiba ce ta cuta, 40 kuwa ita ce matakin ƙarshe. Lissafin bai cika daidai ga kowa ba, ɗan kokawa mai tsoka zai iya fitowa da 30 alhali ba kitse gare shi ba, shi ya sa ake haɗawa da awon ƙugu don kitsen da ke cikin ciki ya fi na cinya haɗari. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a 2022 mutane fiye da biliyan 1 ne ke da ƙiba, mutum 1 cikin 8 ke nan. Mu nan Maradi abin ma ya fi ban mamaki, unguwa guda za ka ga yaro mai tamowa ana ba shi biskit ɗin asibiti, ka ga Alhaji bai iya sunkuyawa ya ɗaure takalmi.

To mi ya sa ba za ta rage ci kawai ba? Wanga shi ne abin da kowa ke faɗa, kuma shi ne ya fi ƙona ma masu ƙiba rai. Ta gwada wallahi, ta bar tuwon dare, ta bar sukari a fura, ta sauke kilo 6, bayan wata biyar sun komo da riba. Jiki yana ɗaukar kitse kamar yadda manomi ke ɗaukar rumbu. Mu da kakanninmu sunka ga yunwar 1984, mu kanmu munka ga ta 2005, mun san in hatsi ya fara ƙasa cikin rumbu maigida ba ya barci, sai ya rage awo ya shiga neman na cikawa. Haka jiki yake, shi bai san bambancin rejim da fari ba. Da kitse ya ragu sai wani sinadari da kitsen ke fitarwa, leptin, ya yi ƙasa, wani kuma da tumbi ke fitarwa mai tada yunwa, girelin, ya yi sama, jiki ya rage yawan abin da yake ƙonewa, kuma an auna an ga har bayan shekara guda da rama yunwar nan ba ta kwanta ba. Kenan mutum yana faɗa da cikinsa ne safe da yamma, kuma ciki ba ya gajiya. Allurar da aikin tiyata da za mu yi magana a kai, yunwar nan suke taɓawa.

Allurar tana da asali mai ban dariya. Akwai wani ƙadangare mai dafi a hamadar Amurka da Meziko da ake kira Gila, wanda ke iya daɗewa bai ci komi ba, a cikin yawunsa anka samu wani sinadari mai kama da wanda hanjin mutum ke fitarwa bayan cin abinci, GLP-1. Aikin GLP-1 uku ne, yana sa jiki ya fitar da insulin in sukari ya hau, yana sa abinci ya daɗe cikin tumbi, sannan ya kai saƙo ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Namu na jiki cikin mintoci kaɗan yake lalacewa, na ƙadangaren ya fi daɗewa, da shi anka yi maganin ciwon sukari na farko na wanga iri a 2005. Daga baya kamfanin Novo Nordisk na Danmak ya yi semaglutid mai kwana bakwai a jiki, ya fito da sunan Ozempic a 2017 don masu ciwon sukari, da anka ga masu yin sa suna ramewa sai anka ƙara ƙarfin awon anka sa mai suna Wegovy a 2021 don ƙiba. Kamfanin Eli Lilly na Amurka ya biyo da tirzepatid, mai kwaikwayon sinadari biyu a tare, shi ne Mounjaro da Zepbound.

A babban gwajin da anka yi ma Wegovy na sati 68, masu allurar sun sauke kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu, waɗanda anka yi ma allurar da ba magani ciki sun sauke kashi 2 da ɗan wani abu. Tirzepatid a awo mafi girma ya kai kusan kashi 21 cikin sati 72. In ka sa Yayata cikin lissafi kilo 15 zuwa 22 ke nan, amma ku lura da lokacin, shekara guda da wata huɗu, ba wata biyun Hajiyar Dubai ba, kuma duk waɗanda anka gwada an haɗa musu da rage ci da tattaki. Kuma ba don kyan gani kawai ba, a 2023 wani gwaji na mutane fiye da 17,000 masu ciwon zuciya ya nuna semaglutid ya rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta wanga hanya da kashi 20 cikin 100. Don haka ni ba na cikin masu cewa allurar yaudarar turawa ce, magani ne na gaske.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Mutanen wancan gwajin na sati 68 an bi su bayan sun daina, cikin shekara guda kashi biyu cikin uku na abin da sunka sauke ya komo. Dalili kuwa allurar ba ta kawar da tushen ƙibar ba, rufe bakin yunwa take yi, ranar da ta fita daga jini yunwar na nan tana jira, kamar maganin tansiyon ne da in ka bari jini ya sake hawa. Kenan wanda zai fara sai ya tambayi kansa ko zai iya saye shekara da shekaru. A Amurka a 2024 farashin Wegovy na wata guda ya kai sama da dala 1,300 ta Amurka a takarda, a Faransa da ya shiga farmasi a 2024 wajen yuro 300 ne, wato kusan jika 200 namu kowane wata, alhali mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne. Tunkiyar Yaya ko wata guda ba ta biya. Akwai ɗan haske dai, a 2025 OMS ta sa irin waɗannan allurai cikin jerin magungunan dole don masu ciwon sukari da ke da ƙiba da ciwon zuciya ko ƙoda, kuma 2026 ce shekarar ƙarewar haƙƙin mallakar semaglutid a ƙasashe irin Indiya da Sin da Barazil, in ƴan Indiya sunka shiga yin shi farashi zai faɗi kamar yadda anka gani da maganin sida.

Sannan zafi. Allurar cikin wani abu mai kamar biro take zuwa, kafin a fara amfani da ita dole ta zauna a sanyi tsakanin digiri 2 da 8, bayan an fara kuma Ozempic na iya yin sati 6 a waje amma da sharaɗin kada zafi ya wuce 30. Yanzu ku tuna Maradi a watan Afrilu, 42 ko 43 a inuwa, kuran na ɗaukewa, firjin gida ya zama kabad. Na tahi da kaina na ga Hajiyar, ta jawo biron daga cikin jakar hannu, tsakanin turare da caja, ba ƙanƙara ba komi, kwalin ya ɗan lotse, na ce Hajiya tun yaushe yake cikin jaka, ta ce ai ba ya lalacewa, na asali ne. Kuma ta sa shi a jika 35. Abin da Faransa ke sayarwa kusan jika 200, ya hau jirgi ya sauka Yamai ya shigo mota har Maradi ya koma jika 35, ko kai ɗan kasuwa ne ka san wanga lissafi bai fita. A 2023 a Ostiriya an kwantar da mutane asibiti bayan sun yi Ozempic na jabu, sukarinsu ya faɗi warwas har wasu na farfaɗiya, hukumomi sunka ce alamu sun nuna insulin ce a ciki, a 2024 OMS ta fitar da gargaɗi kan jabun da anka kama a Barazil da Ingila da Amurka. In jabu ya iya shiga can inda ake bin kowane kwali da lamba, ina ga hanyar Ɗan Isa da Jibiya ta kan iyakar Nijar da Najeriya.

Ko na asalin ma yana da nashi wahala. Tashin zuciya, amai, zawo ko kuma bayan gida ya ƙi fita, mafi yawa a farkon watanni, shi ya sa ake farawa da ɗan ƙaramin awo ana ƙarawa duk bayan sati huɗu. Yana iya kawo tsakuwa a matsarmama, jefi-jefi kuma kumburin wata gaɓa da ke bayan tumbi mai yin insulin, ciwo ne mai tsanani da ke kai mutum asibiti da gaggawa. Ba a ba wanda danginsa ke da wani irin kansar maƙogwaro. Kuma ba kitse kaɗai ke tahiya ba har da tsoka, in mutum bai cin wake, ƙwai, nama, nono, sai ya rame ya zama ba ƙarfi. Wanda ya fi shafar matanmu shi ne ciki. Ba a yin allurar da juna biyu, semaglutid sai an bar shi wata biyu kafin ɗaukar ciki, kuma mace da ƙiba ta rikita ma al'ada da ta fara ramewa haihuwa na iya buɗewa ba shiri, tirzepatid ma yana iya rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa. A garin da mace ke haihuwa har shekara arba'in da wani abu wanga ba ƙaramar magana ba ce, kuma mai odiyo ko tari ba ta yi a kai ba.

Ƙwayoyi da shayin rage tumbi kam ba sai na daɗe a kansu ba. Orlistat halastacce ne, yana hana kusan kashi ɗaya cikin uku na man da ka ci shiga jiki, man sai ya fita ta ƙasa, in ka ci waina da ƙosai ka sha shi to kada ka yi nisa da bayi, kuma ramar da yake sawa kaɗan ce. Sibutramin, wani maganin kashe yunwa, an janye shi a 2010 saboda zuciya, amma har yau ana kama shi ɓoye cikin shayi da kofi da ake cewa na ganye ne zalla. Faransa kuma tana da tabon Mediator, maganin da anka sayar daga 1976 zuwa 2009 ana ba mutane don kashe yunwa, yana lalata ƙofofin zuciya, sai da wata likita Irène Frachon ta tsaya tsayin daka sannan anka janye shi, an ƙiyasta mutum 500 zuwa 2,000 sun mutu, a 2021 kotu ta kama kamfanin Servier mai yin maganin da laifi.

Sai aiki, wanda mutane ke kira yanke tumbi. Da farko a raba shi da zuƙe kitse da matan fim ke tahiya yi, wancan gyaran sura ne, bai taɓa sukari ko tansiyon. Na gaskiyar iri biyu ne sunka fi yawa, kuma ta ƴan ƙananan huji ake yin su da kyamara. Siliv shi ne a yanke kusan kashi 80 cikin 100 na jakar abinci a fitar, a bar siririya kamar ayaba, kuma ɓangaren da anka cire nan ne ake yin mafi yawan girelin, shi ya sa ba wuri kawai ke raguwa ba har yunwar. Baifas kuma, wanda wani likitan Amurka Edward Mason ya fara a shekarun 1960, a ware ɗan aljihu kamar ƙwai a saman tumbi a jona shi kai tsaye da hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanji. Abin mamaki bayan baifas hanji kan ƙara fitar da GLP-1 da kansa, har sukarin wasu ya daidaita kafin ma su rame, kun ga allura da wuƙa ƙofa guda suke ƙwanƙwasawa.

Aiki ya fi allura ƙarfi kuma ya fi daɗewa, kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyi, ga Yaya kilo 26 zuwa 31. Suwidin ta fara bin waɗanda anka yi ma aikin tun 1987, kuma an ga mutuwa a cikinsu ta yi ƙasa da wajen kashi 30 cikin 100 in an gwada da masu ƙiba irin tasu da ba a yi ma ba. A ƙwararrun asibitoci waɗanda ke rasuwa wurin aikin ba su kai 1 cikin 200 ba. Tsohuwar ƙa'ida ta 1991 ta ce sai mai IMC 40, ko 35 in akwai cuta kamar sukari, a 2022 ƙungiyoyin likitocin aikin sunka sauko da ita zuwa 35, ko 30 in da ciwon sukari. Kenan a takarda Yaya ta cancanta.

A takarda hwa na ce. Domin masu kuɗɗi suna tahiya Tunisiya, Turkiyya, Masar ko Indiya, a yi aiki, kwana biyar ko bakwai a sa mutum jirgi, to daga nan ne ainihin aikin ke farawa. In ɗinki ya yi yoyo abinci ya zuba cikin ciki, zazzaɓi da bugun zuciya su taso kana Maradi likitan da ya yanka ka yana Istambul, wa zai buɗe? Sati-sati na farko ruwa-ruwa kawai, sannan abu mai laushi, daga baya ɗan loma kaɗan a tauna sosai, ba a haɗa ci da sha lokaci guda. Bitamin B12, maganin ƙarin jini, kalsiyam da bitamin D har ƙarshen rayuwa tare da awon jini a kai a kai, wanda ya yi sakaci jini ya ƙare, ƙafafu su mutu, gashi ya zube, kuma matanmu dama da yawa da ƙarancin jini suke yawo. Mai baifas in ya kurɓi shayin fada mai sukarin nan ko lemun kwalba sai zufa da jiri da zawo su rufe shi. Mai siliv kuma ƙwannafi na iya zame mai abokin zama. Mace sai ta jira wata 12 zuwa 18 kafin ciki. Ga azumi a lokacin zafi, mutumin da bai iya shanye kofi guda a tashi ɗaya yaya zai rama ruwan awa goma sha huɗu tsakanin magariba da asuba, dole a zauna da likita da malam tun kafin wata ya kama. Kai ko zaman biki ma, a aje maka tire na shinkafa da nama ka ci cokali huɗu ka janye hannu, sai an ce ko ka raina abincin gidan. Kuma mai shan fura da sukari da man gyaɗa kaɗan-kaɗan duk yini zai iya maido da rabin abin da ya sauke, tumbin da anka rage bai hana ruwa wucewa.

Ni ra'ayina, wanda ƙiba ta riga ta haɗa da sukari ko tansiyon ko ta hana shi tahiya, kuma yana da hali da likitan da zai bi shi shekaru, ba abin kunya ba ne ya nemi allura ko aiki, masu cewa ragwanci ne ba su taɓa kwana da irin yunwar nan ba. Amma amarya mai kilo 68 da ke son shiga leshin biki ba ta da abin nema a nan.

Yaya dai na ce mata ta bar tunkiyarta ta haihu. Ranar Litinin na ɗauke ta a moto tun da sassafe ba ta karya ba, anka auna sukari ya fito sama da ƙa'ida, tansiyon 16 da 10, likita ta ce a sake awon sukarin don a tabbatar, ta rubuta mata maganin tansiyon, ta kuma tambaye ta ko har yanzu tana taɓa dekza. Yaya ta yi shiru tana wasa da bakin mayafi, sannan ta ce sai dai in gwiwa ta matsa mata, ƙwaya biyu da dare. Likita ta aje biro ta ce Hajiya to wanga za mu fara janyewa, a hankali, kada ki yanke shi rana guda, ki komo min bayan sati biyu da kwalin a hannu.